Lasisi a hannu, kujera ta gagara: abin da ke tsare sabon matuƙin jirgin sama daga aikin farko

Akwai wani yaro a unguwarmu da kowa ke kira Kyaftin. Tun ranar da aka ji ya tafi koyon tuƙin jirgin sama sunan ya bi shi, har dattawan da ke zama a ƙofar masallaci bayan la'asar da shi suke kiransa. Ya dawo da lasisinsa fiye da shekara biyu ke nan, kuma har yau a shagon yayansa yake wuni. Wata rana na tambaye shi inda aka kwana a maganar aiki, sai ya ce in ɗan jira shi. Ya shiga gida ya fito da wani littafi mai baƙin bango, a nannaɗe cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu. Littafin sa'o'i ne, wanda kowane matuƙi ke rubuta duk tashin da ya yi a cikinsa: kwanan wata, irin jirgin, lambarsa, inda aka tashi da inda aka sauka, da rana ne ko da dare, shi kaɗai ne ko da malami a gefensa. Ya buɗe shafi na ƙarshe mai rubutu ya ɗora yatsa a kan jimla. Sa'o'i 200 da 'yan kai. Sauran shafukan, fiye da rabin littafin, farare ne fat.

"Kawu, ka ga matsalar nan," in ji shi. "Duk inda na kai takarduna wannan lambar suke fara dubawa. Sai su ce in je in ƙaro sa'o'i. Su kuwa sa'o'in nan a bakin aiki ake samunsu."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin mafi yawanmu, har da iyayen da suka sayar da fili ko gona suka biya kuɗin makarantar, mun ɗauka lasisin tuƙin jirgi kamar shaidar kammala karatun likita ne: ka gama, asibiti na jiranka. Abin ba haka yake ba, kuma rashin fahimtarsa ya jawo wa gidaje da yawa baƙin ciki da zargin yaran da ba su yi laifin komai ba.

Lasisin tuƙin jirgi hawa-hawa ne. Na farko shi ne na tuƙa jirgi don ƙashin kai, ba a biyan mai shi. Na biyu shi ne na kasuwanci, wanda ake kira CPL, kuma shi ne ke ba mutum izinin karɓar albashi a kan tuƙi. Ƙa'idar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ita ce a ba da shi bayan sa'o'i 200 a sama, ko 150 idan an bi wani tsararren kwas da hukuma ta amince da shi. Na uku shi ne ATPL, wanda sai da shi mutum ke zama kyaftin a babban jirgin fasinja, kuma yana buƙatar sa'o'i 1,500 da shekara 21 da haihuwa. To tsakanin 200 da 1,500 akwai sa'o'i 1,300 waɗanda babu makarantar da ke bayarwa, kuma babu talakan da zai iya sayensu da aljihunsa, tunda kowace sa'a ɗaya hayar jirgi ce da kuɗin mai. Dole wani ya ɗauke ka aiki ka tara su kana tuƙa masa jirgi. A wannan tazara ce yaron unguwarmu da ire-irensa suka maƙale.

Mai karatu zai ce, ba kullum ake shelar ƙarancin matuƙa a duniya ba? Ana yi. Kamfanin Boeing yakan fitar da hasashe duk shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana cewa duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa fiye da 600,000 cikin shekara 20. Makarantun tuƙi suna son wannan adadi ƙwarai, shi suke mannawa a tallarsu. Sai dai ƙarancin da kamfanonin jirage ke kuka da shi na gogaggu ne, wato kyaftin-kyaftin, musamman waɗanda ke da izinin horar da wasu. Masu sa'o'i 200 kuwa sun yi yawa a kusan kowace ƙasa.

Dalilin a fili yake idan aka duba yadda ake shigar da sabon mataimakin matuƙi aiki. Ba a haɗa shi da kowane kyaftin. A farkon zuwansa sai ya yi gomman tashi da sauka tare da kyaftin mai horarwa, kuma a tafiye-tafiyen farko akan ajiye wani gogaggen mataimaki a kujera ta uku da ke bayansu, don ya karɓa idan wani abu ya taso. Ka ga matuƙa uku ke nan ana biya a aikin mutum biyu. Ko bayan ya wuce wannan mataki, ƙa'ida ba ta yarda a haɗa sabon mataimaki da sabon kyaftin ba. Kamfanin da ke da jirage biyar ko shida, da masu horarwa da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ba zai iya ɗaukar sababbi fiye da ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, komai kyakkyawar niyyarsa. Ga kuma masu inshora da masu ba da hayar jirage, waɗanda sukan gindaya sharaɗin mafi ƙarancin gogewar wanda zai zauna a gaban jirginsu. Sau da yawa adadin sa'o'i 500 ko 1,000 da ake gani a sanarwar ɗaukar aiki daga can ya samo asali.

Sai babban dutsen da ke kan hanya, wanda matuƙa ke kira taif-retin, wato shaidar ƙwarewa a kan wani takamaiman nau'in jirgi. Ɗalibi yakan koyi tuƙi ne da ƙananan jirage masu farfela, masu kujeru huɗu ko shida. A Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, an daɗe ana amfani da Tampico da Trinidad da Baron, daga baya aka kawo Diamond DA40 da DA42. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi kama da Boeing 737. Duk jirgin da aka ƙera don matuƙa biyu, kamar waɗannan na fasinja, sai an yi masa kwas na daban, kuma shaidar wani ba ta aiki a kan wani. Mai shaidar Boeing 737 ba zai taɓa Airbus A320 ba, mai ta Embraer 145 ba zai tuƙa ATR 72 ba.

Kwas ɗin yakan ɗauki wata guda zuwa wata ɗaya da rabi. Za a fara da aji, a haddace yadda kowace jijiyar jirgin ke aiki: lantarki, mai, iskar da fasinja ke shaƙa, birki. Sannan a shiga simuleta, wani ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe masu motsi, wanda cikinsa daidai yake da gaban jirgin, har girgiza da ƙarar inji. A tsarin Turai aƙalla sa'o'i 32 ake yi a irin waɗannan na'urori. A nan ake kashe maka inji kana tsakiyar tashi, a cinna maka wuta a ma'ajiyar kaya, a rufe maka gari da hazo. Bayan an ci jarrabawa, wanda wannan ne jirginsa babba na farko sai ya ɗauki jirgin gaske babu fasinja ya tashi ya sauka sau shida. Kuɗin duk wannan yakan fara daga wajen dala 20,000 ya yi sama, ban da kuɗin tafiya da masauki, domin mafi yawan na'urorin suna ƙasashen waje. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Kwas ɗin da bai kai naira miliyan 10 ba ya koma miliyan 30 ko fiye, ba tare da an ƙara ko sisi a farashinsa na dala ba.

Wa zai biya? A inda abubuwa ke tafiya daidai, kamfani ne ke biya, ya ɗaure matuƙin da yarjejeniyar zai yi masa aiki na wasu shekaru, in ya gudu kafin lokaci ya mayar da kuɗin. Amma kamfanoni da yawa yanzu sun fi son wanda ya zo da shaidarsa a hannu. Wannan ya sa iyaye ke sake cin bashi su tura yaro ya yi da kansa, kuma a nan nake ganin ana tafka asara mafi ciwo. Wane jirgi zai zaɓa? Dubi kasuwar Najeriya: Air Peace na da Boeing 737 da 777 da Embraer iri-iri, Max Air na da 737 da 747, Ibom Air na da CRJ 900 da Airbus A220, United Nigeria da Rano Air sun fara da Embraer 145, Green Africa da Overland suna da ATR. Kasuwa ƙarama ce, kuma ta rarrabu gida-gida. Yaro zai iya kashe miliyoyi a kan nau'i ɗaya, ya dawo ya tarar kamfanin da yake hari ya ajiye jiragen ko ya canza nau'i. Ita kuma shaidar tana da wa'adi, duk shekara sai an sabunta ta da wani gwajin a simuleta. Uwa-uba, shaidar da ba a taɓa tuƙa jirgin da ita ba ba ta da nauyi sosai a idon mai ɗaukar aiki, domin tambaya ta gaba ita ce: sa'o'i nawa ka yi a kan jirgin? Ni dai shawarata, kada kowa ya biya kuɗin taif-retin sai da takardar alkawarin aiki a rubuce daga kamfanin da ke tuƙa wannan jirgin.

Yana da kyau a duba yadda wasu ƙasashe suka cike wannan tazara, don a gane inda tamu ta yoye. Hanya biyu ce a duniya.

Ta Amurka ita ce a tara sa'o'i a ƙananan jirage. Ranar 12 ga Fabrairun 2009 wani jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Iyalan mamatan suka matsa wa majalisa lamba, aka yi doka a 2010, kuma daga 2013 ya zama wajibi mataimakin matuƙi a jirgin fasinja ya kasance yana da sa'o'i 1,500, in ban da rangwamen da aka yi wa tsofaffin sojoji, 750, da masu digirin fannin daga wasu jami'o'i, 1,000. Har yau ana gardama a kan dokar, tunda matuƙan jirgin da ya faɗi dukansu sun riga sun haura 1,500. Amma abin da ya sa dokar ba ta kashe sana'ar ba shi ne Amurka na da ƙananan jirage fiye da 200,000 da dubban ƙananan filaye. Wanda ya gama CPL yakan zama malami a makarantar da ya gama, ya koyar shekara ɗaya da rabi ko biyu ya cike sa'o'insa. Wani yana ɗaukar masu tsalle da lema, wani yana jan ƙyallen talla a bakin teku, wani yana shawagi a kan bututun mai yana duba yoyo, wani yana ɗaukar hoton ƙasa don taswira. Albashin ƙanƙane ne, amma littafi yana cika.

Ta Turai kuwa akasin haka ce. Kamfanoni irin su Ryanair da easyJet da Wizz Air sun shekara da shekaru suna ɗaukar matasa masu sa'o'i 200 kacal su ɗora su a kujerar mataimakin matuƙi ta Boeing 737 ko Airbus A320, kuma jiragensu ba su fi na kowa haɗari ba. Wannan hujja ce babba cewa sa'o'i 200 ba nakasa ba ne. Abin da ya sa suke iyawa shi ne suna da ɗaruruwan jirage iri ɗaya, da simuletocinsu, da rundunar masu horarwa. A Afirka, Ethiopian Airlines ne misalin da ya fi fitowa fili: yana da makarantarsa a Addis Ababa, yana ɗaukar yara ya horar da su ya shigar da su jiragensa. Mu ma mun taɓa samun irin wannan tsani a zamanin Nigeria Airways, kamfanin jiragen gwamnatin tarayya. Manyan kyaftin-kyaftin da yawa da suka riƙe sana'ar a ƙasar nan ta Zariya suka bi suka shiga can. Da kamfanin ya durƙushe a 2003, tsanin ya tafi da shi.

Najeriya ta tsinci kanta ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Ƙananan jirage masu zaman kansu kusan babu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne man da injin mafi yawan ƙananan jirage ke sha yana da wuyar samu da tsada, abin da ya sa ma Zariya ta koma ga jiragen Diamond masu shan man manyan jirage. Aikin da ya fi kama da na ƙananan jirage a arewa shi ne feshin tsuntsayen jan-baki da ke cinye gero da shinkafa a Kebbi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Borno. Shi kuwa na 'yan makonni ne a shekara, kuma tuƙi ne a ƙasa-ƙasa dab da magariba, wanda ba a miƙa wa sabon hannu. Jiragen attajirai da ke jere a Abuja da Legas fa? Da yawansu rajistar ƙasashen waje gare su, ba su ɗauke da lambar Najeriya mai farawa da 5N, kuma dokar duniya ta ce lasisin matuƙi sai ya fito daga ƙasar da jirgin ke da rajista ko ita ta amince da shi. Masu irin waɗannan jirage kuma gogaggu suke nema.

Akwai wani abu da ke ruɗar jama'a. Mutum zai ga kamfani ya kawo sababbin jirage, ko ya ga manyan jirage sun cika filin Malam Aminu Kano lokacin jigilar alhazai, ya ce ai ga aiki nan. Wasu daga cikin jiragen nan hayarsu aka yi tare da matuƙansu da injiniyoyinsu da inshorarsu, na wata uku ko shida. Jirgi ya zo da mutanensa ya koma da su. Babu kujera ko ɗaya da ta buɗe wa ɗan gida.

Wannan ya kawo mu ga batun tallafin gwamnatocin jihohi. A 2013 gwamnatin Kano, zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta tura matasa 100 ƙasar Jodan su koyi tuƙin jirgi. Niyya ce mai kyau, ta buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da ba su taɓa mafarkin ko ƙwanƙwasawa ba, kuma wasunsu yau suna tuƙi. Amma da yawa sun dawo sun daɗe a gida, saboda dalilan da na zayyana: ga lasisi, babu taif-retin, babu kamfanin da ke jiransu, kuma kasuwar ba ta da cikin da za ta haɗiye sababbi 100 a lokaci ɗaya. Wasu jihohin ma sun yi irin wannan shiri da adadi kaɗan. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, kasafin horar da matuƙi bai kamata ya tsaya a ranar bikin yaye ɗalibai ba. Da a horar da 100 a tsaya a rabin hanya, gara a horar da 30 a kai su har kujera, da yarjejeniya da kamfanin jirgi tun kafin su tafi. Kuma duk wanda ya yi karatu a waje, in ya dawo sai ya mayar da lasisinsa na Najeriya a NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, da jarrabawarta da kuɗinta.

Abin da ya fi ba ni tausayi, wanda kuma mutanen gari ba sa gani, shi ne zaman jira kansa yana cin kuɗi. Takardun matuƙi suna mutuwa. Shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya duk shekara ake sabunta ta wurin likitan da hukuma ta amince da shi, da gwajin ido da kunne da zuciya. Shaidar tuƙi da na'urori, wadda ke ba ka damar sauka a Kano cikin hazon hunturu kana kallon agogunan gabanka kawai, ita ma tana da wa'adi. Shaidar Turancin sadarwa, wadda ICAO ta ce sai an kai mataki na 4 cikin 6, ana sake ta bayan 'yan shekaru. Kuma ba ka da izinin ɗaukar fasinja sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Bayan takardu kuma akwai hannu. Tuƙi kamar haddar karatu ne, in ba a tilawa yana zubewa. Yaron da ya shekara biyu bai taɓa jirgi ba, ran da aka kira shi gwaji zai tarar idonsa ya yi nauyi wajen zagaya agogunan, hannunsa na bin jirgin a baya. Sai a ce bai iya ba, alhali lokacin da ya gama makaranta ya iya.

To ina ƙofofin da suka rage? Mafi kusa ita ce koyarwa. Kwas ɗin zama malamin tuƙi ya fi taif-retin araha, kuma Zariya da Kwalejin Ilori da makarantun Afirka ta Kudu suna buƙatar malamai, ko da yake guraben kaɗan ne. Wasu matasa na raina wannan aiki saboda idonsu na kan babban jirgi. Kuskure ne. Wanda ya shekara yana gyara wa ɗalibai sauka, yana karɓe jirgi a daƙiƙar ƙarshe kafin ya daki ƙasa, ya fi wanda ke zaune a gida nesa ba kusa ba.

Akwai kuma tuƙin daji a kudanci da gabashin Afirka. Garin Maun na ƙasar Botswana ya yi suna a wannan fanni. Daga can ake ɗaukar 'yan yawon buɗe ido da kayan abinci zuwa sansanonin da ke cikin fadamar Okavango, da Cessna 206 da Cessna Caravan, ana sauka a gajerun filayen ƙasa inda wani lokaci sai an yi shawagi an tabbatar babu dabba a kan hanya. Al'adar wurin ita ce ka je da ƙafarka, ka zauna makonni kana zagaya ofisoshi har a san fuskarka, domin ba a cika ɗaukar mutum ta wasiƙa ba. Irin wannan aiki na nan a Namibiya da Zambiya da Tanzaniya da filin Wilson na Nairobi. Sai dai kowace ƙasa 'ya'yanta take fara dubawa, izinin aiki ga baƙo mai ƙarancin sa'o'i yana da wuya, kuma zaman jiran da dala ake yinsa. Jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai a Neja Delta, irin na Bristow da Caverton, lasisinsu daban ne tun daga tushe, don haka mai lasisin jirgi mai fiffike ba zai tsallaka can kai tsaye ba.

Ƙofar da na fi ganin amfaninta a yanayinmu ita ce shiga kamfanin jirgi ta ƙasa: ofishin tsara tafiye-tafiye, sashen kiyaye haɗura, tsara jadawalin matuƙa, koyar da darussan aji. Mutum na cin albashi, yana jin harshen sana'ar kullum, kuma shugaban matuƙa yana ganin yadda yake zuwa aiki da yadda yake mu'amala. Ran da gurbi ya buɗe, sunansa ne a kusa. A nan dole a faɗi gaskiya: sanayya tana aiki a wannan sana'a, a ko'ina cikin duniya. Wani ɓangarenta halal ne, domin kyaftin da zai kulle ƙofa da kai na sa'o'i yana so ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi cewa kai mai natsuwa ne. Wani ɓangaren kuwa zalunci ne tsagwaronsa, inda takardar wani babba ke tsallake da yaro a kan waɗanda suka fi shi. Ɗan talaka ba shi da maganin na biyun, amma na farkon yana iya gina shi da kansa, ta hanyar malamansa na makaranta da abokan karatunsa da suka riga shi shiga.

Hanya ɗaya ce nake roƙon iyaye su guje mata, wato biyan kuɗi don a bar yaro ya yi aiki. Akwai dillalai da ke sayar da sa'o'i 300 ko 500 a kujerar mataimaki a wani kamfani na wata ƙasa: kai ne za ka biya, ka ɗauki fasinjojin da su ma sun biya, ba albashi. Ƙungiyar matuƙan Turai ta daɗe tana yaƙi da wannan tsari, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Matuƙin da ya ci bashi ya sayi kujerarsa zai ji tsoron cewa ba shi da lafiya yau, ko ya ƙi tashi da jirgin da bai gamsu da shi ba. Ban da haka, 'yan damfara sun cika wannan fage da shafukan intanet na bogi masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni. Kamfanin kirki ba ya neman kuɗin ganawa ko na duba takardu.

Idan Allah ya sa kira ya zo, gwajin yakan kasu uku: tambayoyin fasaha a rubuce, ganawa da manyan matuƙa, da kusan rabin sa'a ko fiye a simuletar jirgin da wataƙila ba ka taɓa shiga ba. Ba su sa ran ka iya jirgin. Suna duba ko kana jin gyara, ko saukarka ta biyu ta fi ta farko, ko kana magana da abokin tuƙinka ko kuwa ka yi gum kana fama kai kaɗai. A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da girmama na gaba, ba ma katse babba, ba ma ce masa ya yi kuskure a gaban mutane. Tarbiyya ce mai daraja, amma a gaban jirgi tana iya kashe mutane. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747 na kamfanonin KLM da Pan Am suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan da ke cikin jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ɗin, wanda babba ne ƙwarai a kamfanin, ya amsa da tabbaci cewa ya bari, kuma babu wanda ya sake ja da shi. Wannan haɗari na cikin waɗanda suka sa aka shigo da darasin aiki tare a gaban jirgi. Don haka a wurin gwaji, mai jarrabawa zai iya yin kuskure da gangan, ya karanta tsayin da ba shi ba ko ya manta wani mataki, yana jiran ya ji ko za ka buɗe baki. Ana so ka faɗa a sarari, da ladabi, nan take, in bai ji ba ka maimaita da ƙarfi.

Na faɗa wa yaron unguwarmu wannan, sai ya yi murmushi ya ce malaminsa ya sha gaya masa haka, har ya taɓa sa shi maimaita jimla ɗaya sau goma don muryarsa ta fito. Yanzu shi da yayansa sun yi tsari. Duk wata ana ware wani abu daga cinikin shagon a ajiye, ba a taɓawa. Daga ciki ya sabunta shaidar lafiyarsa bana. Abin da ya taru bayan nan suna lissafin ya isa kuɗin mota da hayar ƙaramin jirgi na sa'a biyu tare da malami, don kada shekara ta uku ta cika littafin bai ga sabon layi ba. Ya kuma kai takardunsa ofishin tsara tafiye-tafiye na kamfanoni biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, kuma na Kano sun ce ya dawo bayan Sallah.